Fulawar roba ta ja min

Ni dai hannuna ba na shuka ba ne, sau uku ina sayen fulawa ta gaske wajen masu saidawa a bakin titi sau uku tana mutuwa. Ta ƙarshen zafin Afrilu ne ya ƙarasa ta, zafin nan na Kano da yake haura digiri 40, ga famfon unguwarmu rabon da ya kawo ruwa har na manta sai dai masu kura. Ruwan da zan saya jarka jarka shi zan dinga ba wa ganye? Shi ne na tari adaidaita sai Ƙofar Wambai wajen 'yan roba, na zaɓo wata doguwa mai faffaɗan ganye da tukunyarta har da fararen tsakuwa a sama, wallahi in ba taɓawa kika yi ba ba za ki ce roba ba ce. Mai shagon ya ce ba ruwanta da ruwa ba ruwanta da taki, in hazo ya sauka kawai a sa jiƙaƙƙen tsumma a goge.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Hajiyar maigidan daga Bichi, ta zo ganin likitan ido za ta yi mana kwana goma. Tana shigowa falo ta tsaya ta ce "Masha Allah, 'yar nan wa ya dasa wannan?" To dama kullum maganarta matan yanzu ba abin da suka iya sai danna waya, ban san sanda bakina ya ce "Ni ce Hajiya" ba. Ranar na sha albarka kamar na kai ta Makka.

Washegari da asuba ina jin tsuuu a falo, na leƙo, Hajiya ce da butar alwala tana ban ruwa har tana min faɗa wai ƙasar ta bushe ƙamas. Wace ƙasa, siminti ne a ƙarƙashin tsakuwar, tukunyar kuma ko huji babu. Kullum buta biyu, safe da yamma. In ta kwanta sai in lallaɓa in kinkimi abar in tsiyaye a makwarara kamar ɓarauniya a gidana, duk da haka kafet ya jiƙe, wayar ƙarfen da ke cikin reshen ta fara tsatsa ruwan ya koma ja, sauro kuma suka samu unguwa. Rana ta biyar ta aiki almajirinmu ya samo kashin awaki cikin leda ta barbaɗa. A falo fa! Na ƙarar da turaren wuta na wata guda a kwana uku, warin ko gezau. Na kai wa maigidan ƙara, mutumin nan dariya yake har da riƙe ciki, wai ke kika dasa ke za ki girbe.

Ranar tafiya ta ce a yanko mata reshe ɗaya za ta kai gida. Wuƙa ta ƙi ci, Hajiya ta ce kin ga shuka mai ƙwari kenan. Sai da ta shiga sallah na ɗauko filaya na datse, na cusa gindin a jiƙaƙƙiyar ƙasa na ɗaure da leda na miƙa mata hannu bibbiyu.

Yau wata uku, jiya ma ta kira. Wai ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba, akuyar maƙota ta gwada ta tofar, sai dai ya ƙi girma, ko akwai abin da nake zuba wa nawa? Na ce haƙuri ne kawai Hajiya, irin na ƙasar waje ne.

An sa mata ranar cire yanar ido bayan sallah. Allah ya sani ina mata fatan lafiya, amma maigidan ya ce ranar da za a kwance bandeji ni zan raka ta Bichi.