Duk sabon naɗi sai an zubar da janar-janar

A watan Oktoban 2025 Shugaba Tinubu ya sake sauya manyan hafsoshin tsaro. Janar Olufemi Oluyede ya zama babban hafsan tsaro, Waidi Shaibu ya karɓi rundunar sojin ƙasa. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: duk janar ɗin da ya riga sabon shugaban runduna shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, sai ya tattara nasa-ya-nasa ya yi ritaya. Haka aka yi a 2023. Haka aka yi a 2021, bayan rasuwar shugaban rundunar sojin ƙasa Ibrahim Attahiru a haɗarin jirgi a Kaduna, lokacin da aka tsallake 'yan kwas (wato rukunin shiga NDA) na 35 da na 36 aka ɗauko Faruk Yahaya ɗan kwas na 37.

Masu kare wannan tsari suna cewa a soja babba ba ya sara wa ƙarami. To, laifin wa ne in mai naɗi ya ƙi duba jerin girma sai ranar da siyasa ta taso?

A duba yadda ake gina Manjo Janar guda. Shekara biyar a NDA Kaduna, sannan Kwalejin Hafsoshi ta Jaji, sannan Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, wasu har cibiyar nazarin manufofi ta Kuru da kwasa-kwasan ƙasashen waje, duk da kuɗin talaka. Cikinsu akwai waɗanda suka fara jin ƙarar harsashi a Laberiya da Saliyo, suka je Darfur, suka dawo suka shekara a Sambisa da bakin Tafkin Chadi. Kusan shekara 30 ke nan ana ɗora ilimi kan ilimi. Sai sanarwa ɗaya ta tura mutum gida, da sauran ƙarfinsa, alhali Zamfara da Katsina da Sakkwato na kuka da 'yan bindiga.

Ɓarnar da ta fi damuna tana ƙasa. Kanar ɗin da ya ga ana yi wa shugabanninsa haka zai gane cewa ƙwazo a fagen daga bai kai sanin wani a Abuja ba. Daga nan sai ya fara neman ubangida, ya bar nazarin yaƙi.

A ƙayyade wa'adin hafsoshi, a kuma mutunta shi. A riƙa shirya magada tun suna Birgediya. Waɗanda dole su sauka kuwa, ajin Jaji na buƙatar malaman da suka taɓa ja-gorar bataliya cikin wuta.