Kura da shan bugu: mu ke tsintowa, wasu ke sa wa kaya suna

Shekaranjiya 'yar ƙanwata da ke karatu a nan Legas ta turo min hoton wata jaka a WhatsApp. Ta ce, "Kawu, canki da me aka ɗinka ta." Na zuba wa hoton ido, na ce wannan ai tamfol ne, irin wanda ake rufa wa tirela. Ta ce ka canka, saura kuɗinta. Da ta faɗa min sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Jakar wani kamfani ce mai suna Freitag da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wanda wa da ƙani suka kafa a 1993. Tsohon tamfol na manyan motoci suke saye, su wanke, su yanka, su yi masa maratayi da bel ɗin kujerar mota, su kewaye bakin da tif ɗin keke. Wasu daga cikin jakunkunan sun haura dala 200. Mutum ya biya wannan kuɗi, ya rataya tamfol ɗin da ya sha rana da hayaƙi, yana taƙama babu mai irin tasa a duniya.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Don ni dai wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurina. Gugan da muka taso muna jan ruwa da shi a rijiya, tif ɗin mota ne. Takalmin da manoma da makiyaya ke shiga ƙaya da shi, taya ce. Fitilar aci-balbal da muka yi karatun dare da ita, gwangwanin madara ne. Akwatin ƙarfen da aka kai yayyenmu makarantar kwana da shi, tsohon kwano ne aka buge. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san abin da hannun Bahaushe ke iya yi da ƙarfen da aka yar. Abin da duniya take yi wa taro a otal-otal yau, tana kiransa sabuwar hanyar kasuwanci, mu talauci ne ya koya mana shi tun kaka da kakanni. Bambancin kawai, mu ba mu taɓa ganin abin alfahari ba ne.

A nan sai a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai sake sarrafa kaya, wato a niƙe roba ko a narke ƙarfe ya koma ɗanyen kaya, kamfani ya saya. Akwai kuma rayar da kaya, wato a ɗauki abin da ya mutu a ba shi sabon aiki wanda ya fi na da daraja. Na farko ana sayar da nauyi ne. Na biyu ana sayar da hannu da basira. Mu a Legas mun cika na farko maƙil, na biyun kuwa mun bar shi fayau.

Ku duba lissafin. Hukumomin Legas da kansu suna cewa garin nan yana fitar da shara kusan tan 13,000 a kowace rana. Je ka Olusosun da ke Ojota, ka tsaya ka saurari harshen da ake yi a kan tsibin sharar nan. Bi layukan Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago, ka ga su wa ke tura kura suna kiran a kawo tsohon ƙarfe. Yaranmu ne, 'yan ci-rani daga Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, har da 'yan'uwanmu na Nijar. Su ne ke shan rana, kwalba ta yanke su, hayaƙi ya cika musu ƙirji. Da yamma su kai wa mai sikeli, a auna, a biya su a kan kilo. Mai sikeli ya tara ya kai wa dila, dila ya loda wa kamfani. Kowane mataki kayan na ƙara kuɗi, amma wanda ya fi kowa wahala shi ne a ƙasan tsani. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Akwai wani dattijo maƙeri da nake zama wurinsa a bayan layin dogo, mai zuba tukwanen sanholo. In ka ga aikinsa sai ka riƙe baki. Gwangwanayen lemo da guntayen tagogi da fasassun kayan inji yake tarawa a kasko, yaro na juya masa zugazugin da aka haɗa da wilin keke. Shi kuma yana durƙushe yana danna ƙasa mai laima a cikin akwatin katako, ya daddale ta a jikin tsohuwar tukunya har siffar ta fito, ya zare a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Idan ƙarfen ya narke ya yi fari ƙal, sai ya kwashe dattin da ya taso sama da ludayi, ya tuttula ta ƙaramar kafa. Kafin ka gama cin goro an fasa ƙasa, ga tukunya tana tururi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka buga sunanka a gindinta?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Ɗan nan, suna ake dafawa ko shinkafa?"

Gaskiyarsa, ta wani ɓangaren. Amma sunan nan da ya raina, shi mutanen Zurik suke sayarwa.

Kada a ce ina zaune a inuwa ina ba da fatawa, ni ma na gwada, kuma na sha ƙasa. Bayan zaɓen 2023 garin nan ya cika da manyan banonin kamfen, irin masu kaurin nan da ruwa ba ya ratsa su. Ni da wani abokina tela muka ce bari mu mayar da su jakar makaranta. Muka sa yara suka tattaro mana. Wahala ta farko wanki: ƙura da baƙin mai sun kama jiki, sai an jiƙa an goge da buroshi, sannan a nemi inda za a shanya, a garin da ko wurin shimfiɗa tabarma kuɗi ne. Ta biyu, keken ɗinkin kaya ba ya iya wa bana, allura muka riƙa karyawa kamar tsinken sakace, sai da muka yi hayar babban keke mai aiki da lantarki. Lantarkin kuma kun san halinsa, man janareta kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun shekarar ya zama abin da ya zama. Duk da haka muka fitar da guda 40, suka yi kyau, muka juya fuskokin 'yan siyasar ciki don kada yaro ya je makaranta da ɗan takara a bayansa. Wata mai shago a tsibirin Legas ta gani ta yaba, ta ce tana son 200, duk launi ɗaya, girma ɗaya, cikin mako uku. A nan aka yi ta ta ƙare. Ina za mu samo bana 200 masu launi ɗaya? Shara ba ta karɓar oda. Muna cikin wannan jan ƙafa aka zo aka shafa jan fenti a jikin rumfar da muke haya, aka ce a tashi. Keken haya ya koma wurin mai shi, ragowar banonin kuma wani mai kifi ya saye yana rufa kaya da su.

Daga baya na gane abin da ya kayar da mu ba namu ba ne mu kaɗai, ciwon sana'ar ne a ko'ina. Masana'anta tana samun riba ne saboda ɗanyen kayanta iri ɗaya ne, inji ya yi dubu kamar yadda ya yi ɗaya. Mai rayar da kaya kuwa kowane yanki sai ya duba shi da ido, ya juya, ya yanke shawarar inda zai sa almakashi. Aiki ne na mutum, ba ya yarda a yi masa gaggawa. Shi ya sa ko a Turai mafi yawan masu yinsa ƙananan shaguna ne. A Kenya ma, inda kamfanin Ocean Sole ke tara silifas ɗin da ruwa ya koro gaɓar teku yana sassaƙa raƙumin dawa da giwa da su, da wuƙa ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga babban abokin gaba: sabon kaya mai arha. Uwar da za ta saya wa ɗanta jaka a Oshodi, in ta ga ta Chaina mai walƙiya a kuɗi ƙasa da taka, labarin kare muhalli ba zai shiga kunnenta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ana yawan cewa jari ne matsala. E, jari matsala ne, banki ba ya ba wa mai rumfar langa-langa bashi, in ma ya bayar kuɗin ruwan ya isa ya kashe sana'ar, ga kuma da yawanmu ba ma son kusantar riba. Amma ni a ganina wuri ya fi jari. Mutumin da bai san ko zai wayi gari rumfarsa na tsaye ba, ba zai sayi inji ba ko da kuɗin na aljihunsa. A 2018 gwamnatin Legas ta haramta tura kurar shara. A 2022 aka ba 'yan Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi. A farkon 2025 Abuja ta haramta yawon jari-bola bayan yawaitar satar murafen kwalbatin titi. Kowace irin wannan sanarwa tana gaya wa mai sana'a cewa kada ya kafa komai da zai yi wuyar ɗauka a ka.

Sai dai a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za a ji haushina. Murafen nan ba aljanu ne ke saye ba. Wayar wuta da ake yankewa da dare, akwai sikelin da ake ɗora ta da safe, kuma mai sikelin ya san daga inda ta fito. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma mu mun daɗe muna ganin waken muna kawar da kai saboda ɗan garinmu ne. Muddin shugabannin 'yan gwangwan ba su fara korar mai sayen kayan sata da kansu ba, duk wanda ya tura kura a unguwa kallon ɓarawo za a yi masa, kuma babu mai sayen jaka ko kujera daga hannun wanda yake zargi.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. Barazil ta sanya tsintar kayan shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani tun 2002. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 2013 ake biyan masu tsinta kuɗi a kan abin da suka raba birnin da shi. A Pune ta Indiya ƙungiyar masu tsinta ce ke da yarjejeniya da hukumar birni, suna bi gida-gida da katin shaida. Duk ba kyauta aka ba su ba, haɗa kai suka yi suka daɗe suna bugawa. Mu kuwa muna da sarakunan Hausawa a kusan kowace unguwa ta Legas, muna da ƙungiyoyin kasuwa, amma ban taɓa jin an zauna an nemi fili mai takarda, da mita ɗaya ta wuta, inda maƙera da teloli da kafintoci za su zauna kusa da masu kawo kaya ba.

Dama kuwa akwai ta, kuma ba sai an haye teku ba. Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da dokar hana wasu robobin amfani sau ɗaya a Yulin 2025. Duk abin da aka hana, sai an nemi madadinsa, kuma jakar cefane da aka ɗinka da buhun shinkafa ko ragowar atamfa ba ta buƙatar injiniya. A Ibadan kamfanin Freee Recycle yana mayar da tsofaffin tayoyi tubalin daɓe, tayoyin da mu muke ƙonawa don mu ciro waya. Shiga kasuwar gwanjo ta Katangua ka ga telolin da ke rage riga, su mayar da wandon jins siket, su haɗa biyu su fitar da ɗaya. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, inda ake ƙiyasin tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, irin waɗannan teloli dubbai ne, kuma gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar a farkon Janairun 2025 ta nuna yadda duk wannan basira ke zaune a kan katako da kwano. Can Faransa kuwa doka ta hana kamfanoni lalata kayan da ba su sayar ba, har gwamnati ta tsara a riƙa rage wa mutum kuɗin gyaran tufafi da takalmi. Iskar duniya ta juyo wajen abin da muka iya.

Ni da zan sake, ba zan bi mai shagon tsibiri ba. Zan nemi abin da maƙwabcina ke buƙata kuma yake saye don ƙarfinsa, ba don tausayi ba: murhun gawayi, bencin makarantar allo, kwandon kaya na 'yan acaba da masu kai saƙo, tabarmar ƙofar masallaci. Zan tsaya a kan kaya iri ɗaya da na san ba ya yankewa, kamar taya ko buhu. Zan kashe kuɗi a gamawa, a goge kaifi, a daidaita ɗinki, don a nan muke faɗuwa kullum, aiki mai ƙarfi amma ba kyan gani. Sannan in ɗauko irin 'yar ƙanwata, masu waya a hannu, su ɗauki hoto mai kyau su sa a Instagram. Matsalar ita ce yaranmu da suka yi boko ba sa son a gan su kusa da bola. Har yau in ana son a ci mutuncin mutum sai a ce masa ɗan bola, kuma na san gidan da aka hana wani saurayi aure saboda wannan suna, alhali ya fi mai albashi samu.

Jiya na koma wurin Baba maƙeri da wayata, na nuna masa jakar tamfol ɗin, na faɗa masa kuɗinta da naira. Ya karɓi wayar da yatsu biyu don kada ya shafa mata baƙi, ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ɗinkin ya yi, ba ƙarya. Ya miƙo min, ya ce wa yaron ya ƙara wuta. Har na kai bakin layin dogo ya ƙwala min kira.

"Alhaji! Abin buga sunan nan da kake faɗa, a ina ake yinsa, kuma nawa ne?"