Wa ke tsare mana ƙofar da ƙwayoyi ke shigowa?

A watan Fabrairun 2025, bayan BBC ta bankaɗo yadda wani kamfanin magunguna na Mumbai ke haɗa tapentadol, maganin zogi mai ƙarfi, da carisoprodol, maganin sassauta jijiyoyi, yana turo su Afirka ta Yamma, gwamnatin Indiya ta haramta haɗin cikin 'yan kwanaki, aka kuma yi ta jinjina mata. Ni dai takaici ya fi yabo yawa a raina, domin ba a ɓoye waɗannan ƙwayoyi suka baro Indiya ba. Cikin kwantena suka fito ta tashoshin jiragen ruwa, hukumomi na kallo, kuma babu wanda ya motsa sai da ɗan jarida ya shiga masana'antar da ɓoyayyiyar kyamara.

Duniya tana da yarjejeniyoyi uku a kan miyagun ƙwayoyi, na 1961 da 1971 da 1988, tana kuma da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke zama a Biyana, babban birnin Ostiriya, kowace shekara domin tsara abin da za a sa wa ido. Amma tiramadol, wanda ya fi hodar iblis ɓarna a unguwanninmu, ba ya cikin jerin. Masar ta nemi a saka shi, kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba a 2018 ya ba da shawarar a bar shi a waje, bisa hujjar kada marasa lafiya a ƙasashe matalauta su rasa maganin zogi.

Wannan hujja ba ta riƙe ruwa ga duk wanda ya san abin da ake sayarwa a tasha. NAFDAC ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, alhali abin da ɗan acaba ko lebura ke jefawa cikin shayi da asuba don ya yini bai ji gajiya ba mai 225 ne. Babu likitan da ke rubuta wannan. An sarrafa shi ne musamman domin kasuwar maye, kuma masu sarrafawar sun san inda zai sauka.

Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin su tiramadol da kodin suke sha ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce Indiya ta tsaurara doka a kan tiramadol, sai 'yan kasuwa suka canza sinadari kawai, suka koma irin su tapentadol, suka ci gaba da harkarsu. Da fentanil, wani maganin zogi mai tsananin ƙarfi, ya fara kashe Amurkawa, an saka sinadaran haɗa shi cikin jerin tun 2017, har Amurka ta ƙaƙaba wa Sin haraji a kansa. Namu matasan, daga Kano zuwa Zinder, an bar su da jami'an NDLEA da na kwastam suna tarar ruwa da kwando a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Onne.

Masu cewa laifin iyayenmu ne da rashin tarbiyya suna kauce wa tambayar ne, domin uba a Sabon Gari ba shi ke sa hannu a takardar fitar da kaya ba.

Ya kamata ƙasashen yankinmu su je Biyana da murya ɗaya su nemi ƙa'ida guda: kada kwantenar maganin zogi ta bar tashar kowace ƙasa sai hukumar magunguna ta ƙasar da za a kai ta tabbatar a rubuce cewa ita ta nema, a nauyin da ta amince da shi.