Ɓawon albasar 'Yankaba, rini ne muke ƙonawa

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yankaba ta Kano lokacin kakar albasa ya ga yadda ake yi da ɓawo: iska ta kwashi wani ta zuba a kwata, ragowar a share a cinna masa wuta. Ni kuwa abin yana ci mini rai, domin rini ne ake ƙonawa. A tafasa busasshen ɓawon albasa, a tace, a tsoma farin ƙyallen auduga da aka riga aka jiƙa a ruwan alif, zai fito ruwan ɗorawa mai kyau. A ɗiga masa ruwan tsatsar ƙarfe, nan take launin ya yi duhu.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a Kano. Tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata da baba da toka da kanwa, kuma marinan da can ba su san zubarwa ba. Har katsin da ya kwanta a gindin karofi kwashe shi suke yi, su ƙona, su daɓe wani karofin da shi. Jar fatar da ta kai sunan Kano har Maroko, da karan dafi ake rina ta, wato kuben wata irin dawa, bayan an jeme ta da bagaruwa. Galura ce ta zo ta ture wannan duka. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, mai sauƙi da sauri ya rinjayi mai wahala. Ladan da muka samu shi ne baƙin ruwan da ke bin kwatocin unguwanni, da dagwalon masana'antu da ke gangarawa kogin Challawa.

Abin da ya sa nake ganin lokacin waiwaye ya yi, ba kewar da ba ce. Masu bincike sun gano cewa rinin tsirrai yana iya yi wa tufa aikin da ya wuce ado. Sinadarin tanin, wanda ke sa bagaruwa da ɓawon rumman bauri, yana rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta a jikin yadi, irin waɗanda ke jawo warin gumi. Sinadarin ɓawon albasa kuma yana tare wani ɓangare na hasken rana mai ƙona fata. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ka tuna ɗan makaranta da mai tura ruwa da direban adaidaita, ka ga wa wannan zai amfana.

Na san abin da ɗan Kwari, wato mai sayar da yadi a kasuwar Kantin Kwari, zai ce: "Malam, yana koɗewa." Gaskiyarsa. Wanda ya sayi shadda ba zai yafe wa launin da ya zuba a wanki na uku ba, kuma ɓawon bana ba lallai ya ba da launin na bara ba. Akwai kuma masu kama launin da gishirin kurom ko na tagulla, su dawo mana da gubar da muke gudu ta bayan gida. Sannan ba kowane saura ne shara ba. Harawa da dusa abincin dabbobi ne, kada a taɓa su. Ɓawon albasa da na rumman da ganyen mangwaro, waɗanda ba mai nema, su nake nufi.

Don haka kirana ga masu ilimin sinadarai a Jami'ar Bayero shi ne su fito da gwajin daga ɗakin bincike su kai shi bakin karofi. Marini ya san hannu, malami ya san awo. A auna ɓawo nawa ne ke rina yadi biyar, a wanke ƙyallen sau ashirin da sabulun da mata ke wanki da shi a gida, a shanya shi a ranar Kano. Wanda ya tsira, a kai shi wurin masu bugu ya sha dukan da zai sa shi ƙyalli, sannan a ajiye shi gaban ɗan Kwari ya faɗi farashi.