Marciano bai kama ƙafar Ali ba

Wani marubuci ya ce Rocky Marciano ya fi Muhammad Ali a damben boksin don ya yi karawa 49 ba a taɓa doke shi ba. Malam, sam ban yarda ba. Da su wa Marciano ya kara? Ai Joe Louis, tsohon zakaran duniya, ya riga ya tsufa lokacin da suka haɗu a 1951. Ali kuwa ya doke Sonny Liston a 1964, aka ƙwace kambunsa na zakaran duniya a 1967 don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ya yi sama da shekara uku ba dambe, alhali yana kan ganiyarsa. Ya dawo ya shimfiɗe George Foreman a turmi na takwas a Kinshasa a 1974, Foreman ɗin da ya yi wa zakaran duniya Joe Frazier kaca-kaca. Allah ya jiƙan Ali.