Ayyukan Inoue Yuichi rubutu ne, ba watsa tawada ba

Mutane da yawa da suka ga ayyukan Inoue Yuichi, gwanin rubutu da burushi ɗan Japan, wanda aka haifa a Tokyo a 1916 ya rasu a 1985, sukan ɗauka cewa tawada kawai yake watsawa a kan takarda, yana kwaikwayon masu zanen Amurka na zamaninsa. Wannan fahimta kuskure ce. Gaskiya ne a tsakiyar shekarun 1950 ya ɗan gwada zanen da babu harafi a ciki, amma bai daɗe ba ya koma ga kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sin, kuma a kansu ya ƙare rayuwarsa. Yakan shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, ya tsaya a kanta da ƙaton burushi, ya rubuta harafi guda tak, wanda mai karatun Japananci zai iya ganewa. Harafin da ke nufin talauci ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru.

Ya koyi rubutu a wurin Ueda Sokyu, wani gwanin rubutu da burushi, sannan a 1952 shi da Morita Shiryu da wasu suka kafa Bokujinkai, ƙungiyar masu sabon salon rubutu da burushi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da an baje aikinsa a birnin Sao Paulo na Brazil a 1957, koyarwa a makaranta ce ta ci gaba da ciyar da shi. A daren 10 ga Maris 1945, lokacin da jiragen Amurka suka ƙone Tokyo, yana cikin makarantar Yokokawa inda ɗimbin jama'a suka hallaka, shi kuwa ya tsira da ƙyar, kuma sai a 1978 ya rubuta labarin wannan dare da tawada.