Yawan RAM ba shi ne saurin laftof ba

A Gusau, da zarar laftof ta fara nauyi sai ka ji an ce a je a ƙara mata RAM (ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe abin da ake aiki a kai), wai iya yawansa iya gudunta. Ba haka abin yake ba. RAM tamkar tabarmar shanya ce: in hatsinka kwano biyu ne, shimfiɗa tabarma goma ba zai sa ya bushe da wuri ba.

Kafin ka kashe kuɗi, buɗe duk abin da ka saba aiki da shi a Windows, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, a tagar da za ta buɗe ka ga RAM nawa ake ci. In ya kusa cika, ƙari zai yi amfani. Ɗalibi mai rubutu da bincike a intanet, 8GB ya ishe shi; mai haɗa bidiyon biki kuwa ya nemi 16GB.

Kowace laftof tana da iyakar RAM ɗin da take ɗauka, kuma iri-iri ne: samfurin DDR4 ba ya shiga gurbin DDR3. Wasu ma a liƙe nasu yake, babu halin ƙari. Sau tari dai tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ke jan ƙafa, SSD, wato sabon faifan ajiya marar juyawa, ya kamata a saka.